Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi: Yadda Za Ka Gano Ciwonsa

Ya kai manomin auduga, wannan darasi naka ne, kai da ka ke da ɗan injin ban ruwa na fetur wanda ya daɗe a hannunka. Ka san yadda abin ya ke. Tun saukar ruwan fari ka jingine injin a zaure ko a gindin rumbu, hankalinka ya koma kan shuka da noma da feshi. Wata biyar ko shida ba wanda ya taɓa shi. Sai an gama tsinkar auduga, irin albasa ya isa dashe, sa'an nan ka ɗauko shi ka kai fadama. Ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, inji ya yi shiru. Dashe kuwa ba ya jiran makanike. In ya yi kwana biyu ko uku a rana ba ruwa, wahalarka da kuɗin audugar da ka zuba a ciki sun tafi.

Da yawa daga cikin manoma, da inji ya ƙi tashi sai su ce kafireta ce, su kama kwancewa a kan rairayi, ƙananan ƙarafa su zube su ɓace. Wasu kuma su ɗauke shi zuwa gari, su biya kuɗin mota da na gyara, alhali ciwon bai fi na minti goma ba. Abin da wannan darasi zai koya maka shi ne ka bi ciwon daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kafireta ita ce ta ƙarshen buɗewa.

Bayanin nan ya shafi injin da ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, kamar Robin EY20, da jerin GX da kamfanin Honda ya fara fitarwa a 1983, irin su GX160, da kuma na ƙasar Sin da aka kwaikwayi ƙirarsu. Game da suna, abin da a ke kira fulogi a wajen Najeriya shi ne buji a Nijar da Kamaru da Cadi, fetur kuma shi ne esansi.

ABUBUWA HUƊU DA INJI KE BUKATA

Kowane inji na fetur yana bukatar mai, da iska, da wuta, da matsi. Fistin yana janyo iska gauraye da mai, ya matse su, fulogi ya kyasta wuta, su kama da ƙarfi su tura fistin. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasu, inji ba zai tashi ba ko da ka kwana kana jan igiya. Aikinka shi ne ka gano wanne ne ya rasu.

Kafireta ita ce mai gauraya mai da iska. Ka tuna da famfon hannu na feshin sauro. In ka tura iska ta wuce ta bakin ɗan bututu, sai ta janyo magani daga gwangwani ta watsa shi kamar hazo. Haka kafireta ke yi. A ƙasanta akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa. A cikin kofin akwai fulot, watau wani ɗan abu mai yawo a kan mai kamar gora a kan kogi. In mai ya cika, fulot ya tashi ya tura 'yar allura ta rufe hanya. In mai ya ragu, ya sauka, hanya ta buɗe. Daga kofin, mai yana hawa ta ƙananan ramuka biyu da makanikai ke kira jet. Babban jet shi ke ba da mai sa'ad da inji ke aiki da ƙarfi, ƙaramin kuwa sa'ad da ya ke tafiya a hankali, watau silo.

Ramin babban jet bai kai milimita 1 ba, na ƙaramin bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe shi. Har wa yau, kafin inji ya ƙone lita 1 ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Ka duba yawan ƙurar da ke cikin iskar hunturu, ka ga dalilin da ya sa yawancin ciwon kafireta datti ne kawai.

DUBAWA TA FARKO: BA SAI DA SIFANA BA

1. Ka ajiye injin a wuri mai daidai, ba a karkace ba.

2. Ka duba makunni yana buɗe, famfon mai kuma yana buɗe. Kada ka ji kunyar wannan, ya sha faruwa ga manya.

3. Ka kwance murfin baƙin mai. Ya kamata man ya kawo bakin ramin. Wasu injuna suna da abin da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, don kada inji ya ƙone. Irin wannan ba ya tashi sai ka cika. Inji mai girman GX160 yana cin abin da ya ɗara rabin lita kaɗan.

4. Ka buɗe tanki ka sansana. Fetur da ya kwana wata da watanni a cikin zafi yana canja launi ya yi ja, warinsa ya koma kamar na fenti. Ɓangarensa mai saurin kamawa ya gudu, saura kuma ya zama danƙo kamar ƙaro. Ka zubar da shi a gwangwani, ka sa sabo.

5. In inji da sanyi ya ke, ka rufe cok kafin ka ja. Da ya tashi ya ɗan yi ɗumi, ka buɗe. In da zafinsa ne, kada ka rufe.

GWAJIN MAI

Wanda ke sayen man kwalba a bakin hanya, tilas ya koyi gwaji biyu. Na farko, ka zuba man a farar kwalba mai tsabta, ka ajiye minti biyar. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa, domin ya fi fetur nauyi. Na biyu, ka ɗiga man a farar takarda. Fetur tsantsa yana bushewa nan da nan bai bar alama ba. In ya bar tabon maiƙo, an haɗa shi da kananzir ko man gas. Irin wannan yana sa inji wuyar tashi da hayaƙi da rashin ƙarfi.

Bayan haka ka duba ko mai yana isa kafireta. A gindin kofin akwai ƙusar tsiyaya. Ka tara gwangwani, ka sassauta ta, ka buɗe famfon mai. In mai ya zubo yana gudu ba yankewa, hanya lafiya. In ɗigo ya ke yi, ka rufe famfo ka kwance ɗan ƙaramin kofin da ke ƙarƙashinsa, inda laka da tsatsa ke kwanciya, ka wanke da fetur. In har yanzu ba ya gudu, matatar da ke gindin tanki ta toshe, ko tiyon mai ya lanƙwashe.

GWAJIN WUTA

Ka zare hular fulogi, ka share ƙurar da ke kewaye don kada ta faɗa ciki, ka kwance shi da sifanarsa. Bakin fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin inji. In launinsa kamar ƙasa-ƙasa ne, gaurayen mai da iska daidai ya ke. In baƙi ne a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji kuma yana zafi fiye da kima. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa sama.

In ka tarar da shi jiƙe da fetur, inji ya sha mai ya ƙoshi saboda yawan ja da cok a rufe. Ka rufe famfon mai, ka kashe makunni, ka buɗe cok, ka ja igiya sau biyar ko shida ba fulogi don ciki ya bushe.

Ka goge bakin fulogi da buroshin waya. Tsakanin haƙoransa biyu ya kamata ya zama milimita 0.7 zuwa 0.8, watau kusan kaurin katin shaida na roba. Ka mayar masa da hularsa, ka goge duk man da ya zube, ka ɗora gindinsa a jikin ƙarfen inji nesa da ramin fulogi, ka riƙe ta wajen roba, wani ya ja igiya. In ka ga wuta shuɗiya tana tsalle, wuta lafiya. In babu, ka gwada sabon fulogi. Ya kamata kullum kana da guda a ajiye. In sabon ma bai ba da wuta ba, ka duba ko ɓera ya ci waya. In waya lafiya, ciwon yana ga koyil ko makunni, wannan na makanike ne.

Ga wani gwaji mai raba gardama. In akwai wuta, ka ɗiga fetur kaɗan, bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ta ramin fulogi, ka ɗaure, ka ja. In inji ya tashi ya yi 'yan daƙiƙu ya mutu, to, ka tabbata wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya wucewa ta kafireta.

GWAJIN ISKA DA MATSI

Ka buɗe gidan matatar iska. A ƙasar auduga ba ƙura kaɗai ke toshe ta ba, har da gashin audugar da iska ke kwasowa daga wurin tari. In ta soso ce, ka wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai ka matse rarar. In ta takarda ce, ka kakkaɓe ta a hankali, kada ka wanke. In ta yage, ka sayi wata. Kada ka kuskura ka yi aiki ba matata, domin ƙura tana cin fistin da ringi kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Ka leƙa salansa kuma. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a bakin salansar injin da aka ajiye. Injin da bai iya fitar da hayaƙi ba, ba ya iya jan sabuwar iska.

Matsi kuwa hannunka zai gaya maka. Ka ja igiya a hankali. Ya kamata ka ji ta yi nauyi a wani wuri, sa'an nan ta sake. In tana zuwa sakwaf daga farko har ƙarshe, mai yiwuwa bawul ya maƙale saboda tsatsa, ko ringi ya cinye. Wanke kafireta ba zai yi maganin wannan ba.

IN YA TASHI AMMA BA YA TAFIYA DAIDAI

Ba ya tafiya sai da cok a rufe. Mai ne ya yi masa kaɗan. Babban jet ya toshe, ko iska tana satar shiga ta tsakanin kafireta da jikin inji, inda takardar hana yoyo ta yage ko noti ya sassauta.

Yana hawa yana sauka kamar mai haki. Yawanci ƙaramin jet ne ya toshe. Ka rufe cok rabi. In muryarsa ta daidaita, ka gano ciwon.

Yana aiki minti goma ko ashirin ya mutu. Ka sassauta murfin tanki. In ka ji iska ta shiga fuu, inji kuma ya ci gaba, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe, mai ba ya iya sauka. In ba haka ba ne, kuma sai ya huce ya ke sake tashi, ka duba ko akwai wuta tun yana da zafi. Koyil da ya tsufa yakan yanke wuta in ya ji zafi. Ka share ciyawa da gashin auduga daga fukafukan jikin inji, domin ta nan ya ke shan iska ya huce.

Baƙin hayaƙi da shan mai. Matatar iska ta toshe, ko cok bai buɗe duka ba, ko allurar fulot ba ta rufewa.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Baƙin mai ne ke ƙonewa. Ko an cika shi ya wuce, ko an kwantar da injin a kan gefensa wajen ɗauka a amalanke, ko ringi ya cinye.

Fetur yana ɗiga daga kafireta. Datti ya tokare allura, ko fulot ya huje. Ka ƙwanƙwasa kofin a hankali da gindin sukundireba. In bai daina ba, sai an buɗe. Ka sansana baƙin mai kuma. In yana warin fetur, ko ya ƙaru da kansa, ka juye shi kafin ka tada inji.

Inji yana gudu lafiya amma ruwa ba ya fitowa. Wannan ba ruwan kafireta. Ka cika cikin famfo da ruwa, ka duba ko tiyon janyowa yana shan iska ta mahaɗi, ko rariyar bakinsa ta toshe da laka. Irin wannan famfo ba ya janyo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8. Kada ka bar shi yana juyawa ba ruwa a cikinsa, abin hana yoyonsa zai ƙone.

YADDA A KE WANKE KAFIRETA

In gwaje-gwajen nan sun nuna kafireta ce, to, ka sami inuwa inda ba iska. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti, duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi. In wayarka tana ɗaukar hoto, ka ɗauki yadda sifirin da sandunan totur su ke kafin ka taɓa su.

1. Ka rufe famfon mai, ka tsiyaye kofi, ka wanke bayan kafireta tukuna.

2. Ka kwance notin gindin kofi, ka sauke shi a hankali don kada zoben robar bakinsa ya tsinke. Ka duba ruwa da tsatsa da danƙo, ka goge.

3. Ka zare ɗan sandan da ke riƙe fulot, ka cire fulot tare da allurarsa. Ka girgiza shi kusa da kunne. In ka ji mai a ciki, ya huje. In bakin allura ya yi tsagi, ita ma sai sabuwa.

4. Babban jet yana cikin bututun tsakiya. Ka sa sukundireban da ya cika bakinsa daidai, domin tagulla ce, ba ta da wuyar lalacewa. A bisansa akwai wani siririn bututu mai ramuka a gefe, ka turo shi ya fito.

5. A irin na Honda, ƙaramin jet baƙi ne na roba, yana bisa kafireta, ƙusar silo ta danne shi. Ka ƙidaya juyin ƙusar wajen kwancewa, don ka mayar da ita yadda ta ke.

6. Ka jiƙa su cikin fetur mai tsabta, ka hura kowane rami da famfon keke. In danƙo ya ƙi fita, ka zare sili guda daga cikin wayar lantarki ta tagulla ka zura a hankali. Kada ka sa allurar ɗinki ko ƙusa. In rami ya faɗaɗa ko kaɗan, inji zai riƙa shan mai har ranar da ka sayi sabon jet.

7. Ka ɗaga kowane jet wajen haske. Sai ka ga hasken ya ratsa a kewaye sarai, sa'an nan ka mayar.

Akwai ƙusar daidaita mai a gefe. In za ka cire ta, ka fara ɗaure ta a hankali har ta tsaya, kana ƙidaya juyi, ka rubuta adadin. Wajen mayarwa ka ɗaure har ta tsaya, ka sassauta da wannan adadi. Sifirin ɗin totur kuwa, kada ka ɗaure shi da waya don neman ƙarin ruwa. An ƙera injin ya yi juyi wajen 3,600 a minti. In ka tilasta shi ya wuce haka, zai fasa kansa.

INJIN FESHI NA GOYO

In kana da injin feshi na fetur, shi ana gauraya masa mai. Ka duba abin da aka rubuta a jikinsa. In 25:1 ne, kowace lita 1 ta fetur tana son mililita 40 na man gaurayawa. In 50:1 ne, mililita 20. Fetur tsantsa zai ƙone shi cikin ɗan lokaci. Kafiretar wasunsu ba ta da kofi, wata 'yar fata ce ke tura mai, in ta bushe ta ƙage sai a sake ta. Ka tada shi kwana biyu kafin ranar feshi, domin tsutsar auduga ba ta ɗaga maka ƙafa. Kafin ka taɓa gyaransa, ka zubar da sauran magani yadda malamin gona ya nuna maka, ka wanke tanki da jikin injin, ka sa safar hannu.

TSARE RANKA

Hayaƙin inji yana ɗauke da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kada ka tada inji a cikin ɗaki. In ruwa ya yi nisa har an saukar da inji cikin rijiya ko rami mai zurfi, kada kowa ya shiga yana aiki, ko bayan an kashe shi ba da daɗewa ba, domin gubar tana taruwa a ciki. In wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi haka kawai, ka kashe inji ka kira mutane da igiya. Kada ka ƙara mai inji yana tafiya ko salansa da zafi. Kada ka zuƙi tiyon mai da baki, kada kuma a sha taba a wurin gyara.

AJIYA KAFIN DAMINA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ka gama ban ruwa na ƙarshe, ka juye man tanki, ka sassauta ƙusar tsiyaya har kofin kafireta ya bushe. Ka juye baƙin mai tun inji da ɗumi, ka sa sabo. Ka zuba ƙaramin cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi, ka ja igiya sau uku, ka mayar da fulogi. Sa'an nan ka ja a hankali har ka ji nauyi ka tsaya, a nan bawul duka biyu a rufe su ke, laima ba ta shiga. Ka tsiyaye ruwan famfo, ka toshe bakin salansa da tsumma, ka ɗora injin a kan katako ka rufe da buhu. A lokacin aiki kuma, ka riƙa juye baƙin mai bayan kowace awa 100, ko ƙasa da haka in ƙura ta yi yawa, ka riƙa tace fetur da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Mako biyu kafin dashe ka ɗauko shi ka gwada, don in da abin saye ka sami sarari.

TAMBAYOYI

Ku taru da maƙwabta, wanda ya iya karatu ya karanta, ku amsa da inji a gabanku.

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne inji ke bukata?

2. Yaya za ka gane fetur mai ruwa, da wanda aka haɗa da kananzir?

3. Inji ba ya tafiya sai da cok a rufe. Me ya same shi?

4. Don me ba a sa allurar ɗinki a ramin jet?

5. Me za ka yi wa injinka ranar ban ruwa na ƙarshe?

In ka bi duk wannan inji bai tashi ba, ka kai wa makanike, ka gaya masa abin da ka gwada da abin da ka gani, ka kuma karɓi tsofaffin kayan da ya cire.